Uwar Rami

Duk Kaltenriegl babu wanda ya kai Burgi Haidegger ƙin sabon ramin nan, kuma babu wanda ya kai ta baki. Ita ce ta ɗauko zanen gadon da aka kawo ta da shi gidan miji, ta rubuta masa da jan fenti, JIRGINMU TA SAMA YAKE BI, ta tasa mijinta Ferdl a gaba da tsufansa da ciwon gwiwarsa har kan babbar gada ya rataya shi. Kafin ma'aikatan layin dogo su zo su cire, wani ya ɗauki hotonsa an buga a jarida. Burgi ta yanke shafin ta manna a bangon gidan abincinta, kusa da hoton kakarta.

Tana da dalilinta, wannan kam ba a ƙwace mata ba. Tsohon layin da kakanninmu suka sassaƙa a jikin dutse yana tasowa daga kwari yana lanƙwasa, ya shiga rami ya fita, ya haye gadoji uku na dutse masu dogayen ƙafafu, sannan ya zo ya huta a tasharmu kafin ya gangara ɗaya gefen. Gidan abincin Burgi a bakin dandamalin tashar yake. Kakarta ce ta fara dafa wa direbobi miya a wurin tun jirgi yana cin kwal, uwarta ta gada, ita ma ta gada. Yanzu kamfani ya ce zai huda dutsen daga gindinsa, rami guda miƙaƙƙe, jirgi ya shiga ta wannan kwari ya fita ta wancan bai ma san akwai gari a bisa kansa ba. In aka yi haka tasha ta mutu, tukunyar Burgi kuma ta bi ta.

Abu ɗaya ne a hannunmu. Masu haƙa suna buƙatar makiyayar da ke bayan coci, don su nutsa rijiya a nan, su sauka tsakiyar dutsen su riƙa cinsa ta ciki. Makiyayar kuwa ta kowa da kowa ce, ba ta bayuwa sai an tara jama'a an ɗaga hannu. Burgi ta ce kada hannu ko ɗaya ya tashi sai kamfani ya ɗaure kansa da alkawarin cewa jirgin fasinja zai ci gaba da hawowa yana tsayawa a Kaltenriegl kullum, da rami ko babu rami. Mutanen gari suka ce sun ji sun yarda. Kowace Alhamis sukan cika gidan abincinta su yi ta dukan tebur, musamman da yake miyar ranar taro kyauta ce. Har magajin gari Rupert Zehner yakan zo ya daki tebur, a hankali dai, don ɗansa yana da manyan motocin ɗaukar tsakuwa suna zaune babu aiki.

Ana cikin haka sai ga Dokta Lindtner, mutumin da kamfani ya ɗora wa lallashin ƙauyuka. Ba likita ba ne, ko ƙaya bai iya cirewa ba, amma a ƙasarmu in mutum ya samu Dokta a gaban sunansa, har matarsa da shi take kiransa. A jirgin rana ya zo, ba a mota ba, wannan ma dabara ce. Ya sha miyar curin hanta, ya nemi ƙari, ya tsaya gaban hoton kakar ya daɗe yana gyaɗa kai kamar ya san ta.

"Uwargida Haidegger, ba maganar makiyaya ce ta kawo ni ba," in ji shi.

"To ka taimaki kanka, don da ita ka zo da ka koma da abarka."

"Alfarma na zo nema. Kin dai san ba a fasa dutse sai rami ya samu uwa."

Ta sani mana. Duk wanda ya tashi a gindin gadojin nan ya san masu haƙa ba sa ɗana nakiya sai an ajiye mutum-mutumin Waliyyiya Barbara a bakin aiki, an kuma zaɓi mace mai rai da za ta tsaya a madadinta. Ita ke tayar da nakiyar farko, da sunanta ake kiran ramin, ita ke leƙa ma'aikata ranar Barbara. Matan ministoci aka saba ba wa, ko wata mai karanta labarai a talabijin.

"Ma'aikata sun ce sun gaji da matan manya masu zuwa da dogon takalmi su ɗauki hoto su gudu," in ji Dokta. "Sun ce a samo musu Godl ta gaske, 'yar dutsen nan. Duk inda na tambaya, suna ɗaya ake ba ni."

Ma'aikata ba su ce komai ba, don a lokacin ba a ma ɗauke su aiki ba. Amma kalmar ta riga ta shiga. Godl! A birni, matar da ta riƙe jariri ranar baftisma takan aiko masa da kati sau ɗaya a shekara, shi ke nan. A kwarinmu kuwa Godl hukuma ce. Burgi ta riƙe yara sun fi goma a gaban Fada, limamin cocinmu, kuma babu wanda ya zaɓi sana'a a cikinsu ko ya kawo yarinya gida ba tare da an ji ta bakinta ba. Ta hana ɗaya shiga soja, ta raba wata da wani mai babur. Uwa ce ta haifa, amma in Godl ta ce a'a a gaban mutane, magana ta ƙare.

Ta ce wa Dokta za ta yi tunani. Da ya hau jirginsa ta koma kicin, inda Ferdl yake fere dankali. Tun da ya yi ritaya daga aikin sauya wa jirgi layi, aikinsa ke nan, da saurare ta ƙofa.

"Tsohuwa, toshe miki baki za su yi."

"Wa ya isa? Kai dai ji da dankalinka."

"Rami ne fa, Burgi. Dutse ne. Ba ya jin faɗa, ba ya zuwa cin abinci ranar Lahadi."

"Masu shi suna ji ai. In na riƙe abu a gaban Fada, a gaban duk gari, ya zama nawa. Ka taɓa ganin wanda ya ce wa Godl ɗinsa a'a?"

"A nan kam ban taɓa ba."

"To, ka gani."

"Su ba 'yan nan ba ne."

"Za su koya," in ji Burgi, ta karɓe wuƙar daga hannunsa don ya cika kwashe tsoka da ɓawo.

Abin da ba ta faɗa wa Ferdl ba, wataƙila ita ma ba ta faɗa wa kanta ba, shi ne Dokta ya buɗe hannuwansa ya nuna mata girman allon da za a rubuta sunanta.

Ranar ɗaga hannu zauren gari ya cika maƙil. Kowa ya zo da shirin jin Burgi ta yi wa kamfani tas, sai ga ta ta miƙe cikin rigarta ta zuwa coci tana magana a tausashe.

"Muna waje muna ihu, ba ji suke yi ba. Ku bar ni in shiga cikin gidan. Ku ba da makiyaya, sauran ku bar mini."

Wani daga baya ya ce, "To alkawarin fa, Burgi? Ba su ce komai a kai ba."

"Ni ce alkawarin."

Da ka ga saurin da hannuwa suka tashi, da ka san waɗannan mutane sun daɗe da gajiya da dukan tebur, kunya ce kawai ta hana su faɗa. Masu ɗakuna sun riga sun lissafa ma'aikata nawa za su kwana a gidajensu. Rupert saura kaɗan ya ɗaga hannu biyu. Ferdl kaɗai ya bar nasa a aljihu, da aka tambaye shi ya ce kafaɗarsa ke ciwo.

Ranar nakiyar farko an yi biki na gani na faɗa. 'Yan badujala sun busa, Fada ya yayyafa ruwa, an yaye ƙyalle daga kan wani shuɗin allo mai ɗauke da RAMIN WALPURGA, cikakken sunan Burgi, wanda tun tana makaranta ba wanda ya sake kiran ta da shi. Aka kifa mata hular kwano a kan gyaran gashin da ta ɓata safiya tana yi. Ta danna jan maɓalli, ƙasa ta motsa, shanun da aka kora daga makiyayar suka watse cikin daji, ita kuwa ta fashe da kuka na gaske. Mutanen gari suka yi tafi da hannu ɗaya, don ɗayan yana riƙe da nama da kofin giya na kamfani.

A nan ne abin ya zama abin tausayi, don Burgi ta riƙe aikin da gaske. Ranar Dukan Waliyyai, lokacin da kowace Godl take kai wa ɗanta burodi mai kitso, ta gasa wani wanda sai da aka cire ƙyauren ɗakin ajiya aka ɗora shi a kai. Ita da Ferdl suka kinkima har bakin rijiya, yana gaba yana guna-guni. Shugaban masu haƙa, wani ƙato daga kudu mai suna Kajetan, ya fito ya tsaya yana kallon burodin yana sosa wuya.

"Godl, wa za mu ba? Ramin ba shi da baki."

"Ku ne bakinsa. Maza ku wanke hannu, kada wanda ya taɓa mini shi da wannan baƙin mai."

Suka yi dariya, suka wanke hannu, suka cinye shi tas. Daga ranar ba ta sake jiran biki ba. Takan shiga kejin ƙarfe da tukunyar gulash, miyar nama, a ƙirji, a sauke ta cikin zafi da ɗigar ruwa da rugugin injuna, ta bi bayan Kajetan har inda dutse ya tsaya. Ta haddace sunayensu, na Poland da na Slovakiya da na Fotugal, ta san mai mata biyu a ɓoye a garuruwa biyu, ta yi masa wankin babban bargo a gaban kowa. Ta saƙa musu safa. Da wani ɓangaren rufi ya faɗo wa ɗaya a ƙafa, ita ta zauna a asibiti tana rigima da ma'aikatan jinya a kan gishirin miya har matarsa ta iso. Mutanen nan sun so ta ba na wasa ba, ita ma ta so su. Abin da ya fi ba ta kunya shi ne ta fara son ramin kansa. In Kajetan ya ce mata wannan makon sun ci dutse da yawa, sai ta ji ƙirjinta ya buɗe kamar an ce ɗanta ya fara tafiya.

Maganar jirgi kuwa ba ta tayar ba. Duk sanda Dokta Lindtner ya zo ya sumbaci hannunta, Ferdl yakan tsaya a bayansa yana yi mata inkiya da gira, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba.

"Ki yi maganar yanzu, tun suna buƙatarmu," in ji shi wata rana suna dawowa daga bakin rijiya da tukunya wayam.

"Godl ba ta roƙo a lungu. Babbar magana sai babbar rana, a gaban mutane, inda ba wanda zai iya zamewa."

"Su kuwa a gaban mutane suka fi iya zamewa."

"Ferdl, tukunyar nan za ka riƙe ko wa'azi za ka yi?"

Sauran gari ba wanda ya tuna mata. Motocin ɗan Rupert suna ta kai da kawowa, kowane ɗaki ya samu mai haya, mai sayar da taba ya sake fenti. In baƙo ya yi tambaya a kan jirgi sai a ce masa, "Ai yana hannun Burgi," a ci gaba da cin abinci.

Shekaru suka tafi a haka, har ranar da masu haƙa daga wajenmu suka fara jin injin masu tahowa daga ɗaya kwarin. Aka bar siririn bango a tsakani don manya su zo su ga faɗuwarsa. Aka shimfiɗa katako a cikin ramin, aka jera kujeru, aka sauko da 'yan badujala da Fada da manyan baƙi masu sababbin hulunan kwano da ko ƙwarzane babu. Mutanen Kaltenriegl ma an sauko da su rukuni-rukuni, don an ce akwai gasasshen alade.

Bangon ya tsage, ya zube, ƙura ta tashi, kiɗa ya ɓarke. Ma'aikatan wancan gefe suka rarrafo ta cikin kafar, na gabansu rungume da Waliyyiya Barbara, suka faɗa jikin mutanen Kajetan ana ta runguma da kuka. A bayansu aka riƙo hannun uwar wancan ɓangaren, matar wani babba a birni. Burgi ta san da ita, ta kuma daɗe da raina ta, don an ce sau biyu kacal ta taɓa leƙa nata ma'aikatan. Matar ta miƙo mata 'yan yatsu.

"Ke ce mai kawo musu miya? An ba ni labarinki. Kai, sannu! Ai da sun faɗa miki ba dole ba ne."

Burgi ta kawar da kai. Ta ajiye ƙarfinta ne don abin da ya kawo ta. Da Dokta Lindtner ya gama godiya ga duk wanda ke da kujera, ya ce uwar rami za ta ce wani abu, ta karɓi abin magana ta riƙe shi kamar ludayi.

"Ni ba na iya dogon jawabi. Na riƙe yaron nan a gaban Fada, na ciyar da shi, na yi jinyarsa, ban taɓa neman komai ba. Yau ya girma, to ga maganata, kuma sau ɗaya zan faɗa. Jirgin fasinja zai ci gaba da hawowa ta kan gadojinmu, yana tsayawa a Kaltenriegl safe da rana da yamma, kamar yadda ya saba. Godl ce ta faɗa."

Ta tsaya tana jiran irin shirun da ta saba ji a ɗakunan kwarinmu in ta yanke magana. Sai wani a layin gaba ya tuntsire da dariya, dariyar jin daɗi, ta mutumin da aka kawo wa abin da bai zata ba. Sauran suka kama. Tafi ya cika ramin. Matar babban nan tana share hawaye tana cewa, "Wayyo, mutanen dutse akwai ban dariya!" Masu ɗaukar hoto suka matso suna cewa ta sake ɗaga yatsan nan.

Dokta ya karɓi abin maganar yana murmushi.

"Kun ji Godl ɗinmu! Ina tabbatar mata, a gaban kowa, ko dutse ɗaya ba za a taɓa ba a gadojin nan. Kayan tarihi ne, abin alfaharin ƙasa. Kuma da rani, ranakun Lahadi, za a riƙa hawo da tsohon jirgi mai hayaƙi, baƙi su zo su ga yadda ake tafiya a da."

"Ba abin da na ce ke nan ba," in ji Burgi, amma an riga an kashe abin maganar, an cika mata hannu da furanni, badujala ta tashi.

Ta waiwaya ta nemi mutanen garinmu, waɗanda suka yi shekara suna dukan teburinta. Suna can sun yi layi a gaban alade. Rupert ya ɗago kai, idonsu ya haɗu, ya mayar da nasa kan farantinsa. Ma'aikata ne kaɗai ba su yi dariya ba. Suna tsaye a jikin bango da hulunansu a hannu, kowa yana kallon takalminsa.

Washegari da hantsi Kajetan ya shigo gidan abincin da shuɗin allon a kafaɗa. Ya jingina shi a bango, ya tsaya bai zauna ba.

"Na ce gara in kawo miki da kaina, Godl, kafin a jefa shi cikin tarkace."

"Wa ya ce a cire?"

"Haka ake yi. In rami ya huje, sunan uwa ya sauka, a sa masa na hukuma. Aikinki ya ƙare jiya."

"Godl ba ta ƙarewa sai an binne ta."

"Ta mutane ke nan."

Ta dube shi. Wannan ƙaton ya ci daga tukunyarta ya fi a ƙirga, ta taɓa cire masa tsakuwa a ido da gefen gyalenta.

"Kajetan, faɗa mini gaskiya. Kun san ba za su saurare ni ba?"

"Duk mun sani. Mun ɗauka ke ma kin sani." Ya murza hularsa. "Mu haƙa muke yi, Godl. Ba mu ke cewa jirgi ya bi nan ko can ba. Jibi ma za mu tafi, akwai wani dutsen."

"Da wata uwar."

"Da wata uwar," in ji shi, bai ɗago kai ba. "Amma wallahi ba za ta kai ki ba."

Ta zuba masa miya duk da haka. Ya sha a tsaye, ya sumbace ta a goshi, ya fita.

Shimfiɗa layi a cikin ramin ya ci wasu shekaru, kuma a cikinsu garinmu ya nuna halinsa. Da ma'aikata suka kwashe, ɗakuna suka koma wayam, motocin tsakuwa suka sake zama, sai kowa ya tuna cewa shi da ma bai taɓa son ramin nan ba. Mutanen da hannunsu ya riga bakinta tashi a zauren gari su ne suka laƙaba mata Uwar Rami, suna faɗa a bayanta a kasuwa. Rupert ya zauna a teburinta, a kan kujerarta, ya ce, "Mu dai abin da kika ce muka bi, Burgi. Ke kika ce ke ce alkawarin." Dokta Lindtner an tura shi wani kwarin, inda muka ji ya samu wata mai gidan burodi yana yaba hoton kakarta. Abin da ya fi ƙona mata rai bai ma shafi jirgi ba. Ƙaramar cikin 'ya'yan da ta riƙe ta tsayar da miji, ta sa rana, Burgi a bakin mai kawo wasiƙa ta ji.

Ferdl bai taɓa ce mata ai na faɗa miki ba. Da ya faɗa da ta samu wanda za ta yi faɗa da shi.

A watan Disamba aka sauya tsarin tafiyar jirage, duk suka koma bin sabon rami. Ran nan Burgi ta tashi kamar kullum, ta hura wuta, ta ɗora babbar tukunya, ta goge tebura, ta jera tambulan a kan kantar zuba abinci. Ferdl yana zaune da kwandon dankali bai fere ko ɗaya ba.

"Wa za ki dafa wa, tsohuwa?"

"Wanda ya zo."

Gari ya waye sosai. Dusar ƙanƙara ta sauka da asuba, ta rufe dandamali, ta kwanta a kan babbar gada. Tun tana yarinya ba ta taɓa ganin farin nan ya kai hantsi a kan gada ba tare da baƙaƙen layuka biyu sun tsaga shi ba. Yau yana nan sumul daga wannan bakin rami zuwa wancan, sai sawun hankaka. Ta tsaya a taga da tsumma a hannu, lokacin jirgin safe ya zo ya wuce, miya tana ta tafasa a bayanta.

Sai ta ji wani ɗan ƙara. Tambulan ɗin da ta jera ne suke taɓa juna, a hankali, kamar haƙoran mai jin sanyi. Ta ɗora tafin hannunta a kan kantar, ta ji motsin yana tasowa daga ƙasa, daga can cikin dutsen da ta san zafinsa da warinsa. Ya ɗan yi ƙarfi, ya ragu, ya ɗauke. Mutum ɗari nawa ne suka wuce ta ƙarƙashin ƙafarta a zaune cikin ɗumin jirgi, oho.

Ferdl ya ɗago kai. "Shi ne?"

"Shi ne."

Ba ta ɗauke hannunta daga kan kantar ba. Ta sunkuyar da kai tana kallon daɓen ɗakin.

"Ɗan banza," in ji ta. "Ko gaisuwa babu."